Rashidi Yekini da suturar da ta zo a makare

Akwai wani hoto da kusan duk mai sha'awar ƙwallon ƙafa a Nijeriya ya sani, ko da an haife shi bayan ɗaukar hoton. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne sanye da riga mai lamba 9, ya kutsa cikin raga, ya zura hannuwansa biyu ta tsakanin igiyoyinta ya dunƙule su, yana kururuwa kamar mai kai ƙara sama. Matasan da ke cika gidajen kallon ƙwallo na Badariya ranakun Asabar da Lahadi, waɗanda musunsu bai wuce na Arsenal da Chelsea ko Barcelona da Real Madrid ba, akasarinsu ba su taɓa ganin mutumin yana wasa ba. Amma da an nuna musu hoton a waya za su ce Yekini ne. Duk ranar 4 ga Mayu hoton kan sake zagayawa a Facebook da WhatsApp, an rubuta addu'ar neman rahama a ƙarƙashinsa, daga nan kuma sai baɗi.

Abin da ba a cika rubutawa a ƙarƙashin hoton ba shi ne yadda mutumin ya ƙare. Rashidi Yekini ya rasu a Ibadan ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, bayan shekaru na kaɗaici da raɗe-raɗin taɓin hankali. Tsallake wannan ɓangare na labarinsa ana ɗaukarsa ladabi ne ga mamaci. Wani yanki nasa ladabi ne, babu shakka, amma sauran tsoro ne da kunya, kuma masu biyan kuɗin wannan shiru rayayyu ne.

Yekini ɗan Kaduna ne. A can aka haife shi ranar 23 ga Oktoba, 1963, ko da yake asalin iyayensa Ira ne, a jihar Kwara ta yanzu. A Kaduna ya girma, Hausa na bakinsa, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kakuri ya fara buga ƙwallo na sosai a farkon shekarun 1980. Daga nan ya tafi Shooting Stars ta Ibadan, sai Abiola Babes ta Abeokuta, sai Africa Sports ta Abidjan a 1987, sannan Vitória de Setúbal ta Fotugal a 1990. A kakar 1993 zuwa 1994 shi ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar Fotugal, da ƙwallo 21, alhali ƙungiyarsa ba ta cikin manyan nan uku na ƙasar, wato Benfica da Porto da Sporting. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan kambu. Shi ya fi kowa zura ƙwallo a gasar cin kofin Afirka ta 1992 a Senegal, ya kuma maimaita a ta 1994 a Tunisiya da ƙwallo 5, shekarar da Nijeriya ta ɗauki kofin bayan ta doke Zambiya da ci 2 da 1. Ƙwallo 37 ya ci wa ƙasarsa, adadin da aka shafe sama da shekara 25 babu wanda ya kamo shi.

Wasansa ba na ado ba ne. Okocha ne mai sa 'yan kallo tafi tun ƙwallo na tsakiyar fili; shi Yekini aikinsa gudu ne da ƙarfin ƙirji da bugu mai nauyi, irin ɗan wasan da mai tsaron baya kan ji a jikinsa kwana biyu bayan an tashi.

Daren hoton shi ne 21 ga Yuni, 1994, a filin Cotton Bowl na birnin Dallas, wasan farko na Nijeriya a tarihin gasar cin kofin duniya. A Birnin Kebbi dare ya riga ya raba lokacin da aka take wasan, jihar kanta ba ta cika shekara uku da kafuwa ba, gidajen da ke da talabijin kuma ƙirge suke. A minti na 21 Finidi George ya miƙo ƙwallo daga gefen dama, Yekini ya ɗosa ta a ragar Bulgeriya, ya bi ta ciki. An tashi 3 da nema. Ƙasar kuwa tana cikin ɗaya daga mafi munin lokutanta: kwana biyu bayan wasan gwamnatin Abacha ta kama Moshood Abiola, attajirin da Yekini ya taɓa buga wa ƙungiyarsa. A irin wannan yanayi ne ɗan Ira haifaffen Kaduna ya ba Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo abin da za su yi wa sowa tare.

Ita ce kaɗai ƙwallon da ya ci a gasar. Bayan Italiya ta fitar da Nijeriya, an daɗe ana maganar cewa wasu abokan wasansa sun riƙa hana shi ƙwallo saboda kishi, shi ma ya yi wannan ƙorafi. Ko gaskiya ne ko zato, daga nan tauraruwarsa ta fara dusashewa. Olympiacos ta Girka, Sporting Gijón ta Sifaniya, Zürich, Bizerte ta Tunisiya, Saudiyya, komawa Abidjan, sannan gida: Julius Berger ta Legas, da Gateway ta Abeokuta a 2005, yana da shekara 41. Mutumin da ke neman wurin buga ƙwallo a wannan shekaru ba kuɗi kaɗai yake bi ba. Wata rayuwar ce bai sani ba.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin akwai abin da mutanen kwarin Rima za su fi kowa ganewa. Masuncin da ya kama kifi mafi girma a bikin Argungu akan ɗaga shi, a ɗauke shi hoto, a ba shi kyauta, amma washegari gora da homa na jiransa, kogin bai gusa ba. Ɗan kokawa da ɗan dambe na dauri da kaka suke tashe. Damina na faɗuwa su koma gona. Jarumtarsu ado ce a kan sana'ar da suka gada, don haka ranar da ƙarfi ya ƙare ba su rasa sunan da za a kira su da shi ba. Ƙwallon ƙafa na zamani ya saɓa da wannan. Yakan ɗauke yaro tun yana ɗan shekara 15 ko 17, ya tsara masa lokacin barci da na ci da na tashi, ya ba shi abokai da maƙiya da abin fargaba duk mako, sa'an nan wata safiya yana tsakiyar shekarunsa na talatin ya sallame shi. A zamanin da Yekini ya fara, ƙungiyoyi irin su UNTL da DIC Bees ta Kaduna da BCC Lions ta Gboko na kamfanoni ne, ɗan wasa na iya sa ran in ƙafa ta gaza akwai inuwar kamfani. Masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Yaron da ke tayar da ƙura a filayen Badariya da yamma, yana mafarkin Kebbi United ta gan shi a filin Haliru Abdu, daga nan wani dillali ya haye da shi Turai, ba shi da ko wannan 'yar inuwar.

Bayan ya ajiye takalmi Yekini ya zauna a gidansa na Ibadan shi kaɗai. Ya ƙaurace wa taro da bukukuwan karramawa da 'yan jarida. Mutane sun riƙa ganinsa kullum yana atisaye a filin wasa na Liberty, kamar mai shirin wasan da ba a sa ranarsa ba. Jaridu sun ruwaito cewa ya yi asarar dukiya mai yawa, sun kuma ruwaito halaye da maƙwabta suka ɗauka alamun rashin lafiya ne. A watan Afrilun 2012 aka fitar da shi daga gidansa da niyyar nema masa magani, kuma rahotanni sun ce ba asibiti aka nufa da shi ba. Makonni kaɗan bayan haka sai labarin rasuwa. Aka yi jana'izarsa a Ira. Lauyansa da wasu abokansa sun musanta cewa hankalinsa ya gushe, sun ce mutum ne mai son kaɗaici kawai, kuma ba da son ransa aka tafi da shi ba. 'Yan uwansa sun ce ciwo ne suka gani suka nemi mafita.

Ba aikin mai sharhi ba ne ya yanke hukunci tsakanin ɓangarorin biyu, kuma ɗora wa dangi laifi shi ne mafi sauƙin abin yi. Abin da suka yi, in har haka aka yi, shi ne abin da gidaje da yawa a Kebbi da Sakkwato da Kano za su yi in ɗansu ya fara magana shi kaɗai: a rufe ƙofa, a nemi mai magani da dare, a roƙi Allah kada maƙwabta su ji. Abin lura shi ne yadda musun kansa ya kasance. Masu ƙaunarsa sun ga cewa kare mutuncinsa shi ne su rantse bai taɓu ba. Ke nan kowa, mai zargi da mai karewa, ya amince da abu guda: in har ciwon gaskiya ne, to abin kunya ne.

Bahaushe yana da kyakkyawar tarbiyya game da mamaci. Ba a tona asirin wanda ya riga mu gidan gaskiya, ana ambaton alherinsa, a bar sauran tsakaninsa da Mahaliccinsa. Addini ya koyar da haka, al'ada ta ƙarfafa. A zaman makoki, wanda ya fi kowa sanin halin marigayi shi ne kan fara cewa mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Wannan ɗabi'a ba abar yarwa ba ce, musamman a zamanin da gawa ba ta gama sanyi ba ake baje kolin rayuwar mutum a intanet. Sai dai an yi ta ne domin aibi, wato abin da mutum ya aikata da zaɓinsa. Ciwo ba aibi ba ne. Babu wanda ke rage murya in zai ce hawan jini ne ya kashe wane, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda. Da zarar an sa ciwon ƙwaƙwalwa cikin jerin abubuwan da ake suturtawa, an riga an yanke masa hukuncin laifi, kuma duk mai fama da shi da ke zaune a wurin ta'aziyyar ya ji hukuncin.

Abin da ya fi ciwo shi ne suturar takan zo ne bayan an gama tsiraita mutum. Yana raye ana cewa ya zare, ya taɓu, notinsa ya kwance, an yi masa asiri, ƙwaya ce ta kaɗa shi. Yara na bin sa da waƙa, manya na dariya a majalisa. Kusan kowace unguwa tana da irin wannan mutum, wanda dattawa kan ce ai da ka gan shi a fili lokacin ƙuruciyarsa, ko a aji, ko a bakin aikinsa. Ranar da ya mutu sai bakuna su haɗu a kan alheri. Da an ba shi rabin wannan lulluɓi yana da rai, da wataƙila ya iya fita neman magani da rana tsaka.

Kwana huɗu bayan wasan Bulgeriya, ranar 25 ga Yuni, 1994, Nijeriya ta kara da Ajantina a Foxborough. Samson Siasia ya fara ci, Claudio Caniggia ya rama biyu. Ana tashi wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙo hannun Diego Maradona zuwa ɗakin gwaji, aka sami haramtaccen sinadari a fitsarinsa, aka kore shi daga gasar. Wasansa na ƙarshe ke nan ga ƙasarsa, kuma Yekini yana cikin filin. Mutanen biyu ba halinsu ɗaya ba: matsalar Maradona hodar iblis ce da barasa da rayuwar da ba ta da birki, Yekini kuwa an san shi da kamun kai da gudun duniya. Inda suka haɗu shi ne dukansu sun ƙare a hannun wasu, a bayan ƙofa. Inda suka rabu shi ne abin da ya biyo baya. Da Maradona ya mutu ranar 25 ga Nuwamba, 2020, Ajantina ta yi makokin kwana uku, Napoli ta sa wa filin wasanta sunansa, amma ba a tsaya nan ba. Masu gabatar da ƙara sun binciki yadda aka yi jinyarsa, aka gurfanar da likitocinsa da masu kula da shi bisa zargin sakaci. Ƙaunar da ake yi masa ce ta sa aka tambayi yadda ya mutu. A Nijeriya ƙaunar ce ta zama dalilin yin shiru.

Misalin da ya fi kusa da na Yekini shi ne na Robert Enke, mai tsaron gidan Hannover da na ƙasar Jamus, wanda ya kashe kansa ranar 10 ga Nuwamba, 2009, yana da shekara 32. Washegari matarsa ta zauna gaban 'yan jarida ta faɗi abin da suka shekara shida suna ɓoyewa, cewa ciwon damuwa mai tsanani ne, kuma tsoron kada a sani ya hana shi kwanciya asibiti. Ba ta rage masa daraja ba. Cikin 'yan watanni hukumar ƙwallon Jamus da ƙungiyarsa suka kafa gidauniya da sunansa domin wannan ciwo. Ba a cewa Bahaushiya ko Bayarabiya mai takaba ta yi irin wannan zama. Kowace al'umma da yadda take kuka. Amma ana iya faɗin sunan ciwo ba tare da an keta haddin kowa ba.

Mai musu zai ce Jamus tana da asibitoci, nan kuwa faɗin sunan ciwon ba ya kawo magani. Yana da hujja. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Mutumin Badariya da ke buƙatar asibitin tarayya na musamman kan wannan ciwo sai ya bi ta Argungu, ya wuce Sakkwato, ya isa Kware, tafiyar sama da kilomita 150, ga kuɗin mota da na magani da na mai zaman jinya. Gidan mai magani kuwa yana bayan layi, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma yana magana da harshen da dangi suka gane. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, dokar da ke aiki ita ce ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, kuma manufarta tsare mahaukaci ce, ba warkar da majinyaci ba. A 2019 'yan sanda sun fito da sama da mutum 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, garin haihuwar Yekini, da yawansu da sarƙa a ƙafa, makonni kaɗan bayan haka aka buɗe wani a Daura. Iyaye ne suka kai akasarinsu da hannunsu, ba don ƙiyayya ba.

Sai dai hujjar tana da baki biyu. Ƙarancin asibiti ne ke tura mutane ga ɓoyewa, ɓoyewar kuma ita ke sa babu mai neman a gina asibiti. Ɗan majalisa yana jin kukan hanya da taki da rijiyar burtsatse domin masu kukan suna fitowa fili. Ciwon da kowane gida ke rantsuwar ba ya da shi ba ya shiga kasafin kuɗi. Yekini kuma bai rasa asibiti a kusa ba. Asibitin koyarwa na jami'ar Ibadan yana cikin garin da yake zaune. A Abeokuta, inda ya buga wa ƙungiyoyi biyu, akwai asibitin Aro, inda Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo a 1954 da tsarin da duniya ta zo koyo: a sauke majinyaci a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da ɗan uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana, likita kuma ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Lambo ya gane cewa dangi ba za su saki nasu ba, don haka ya shigo da su cikin jinyar. Tsarin ya girmi Yekini da shekara tara, kuma tsakanin Ibadan da Aro bai kai tafiyar awa biyu ba. Abin da ya tare hanyar ba nisa ba ne.

Akwai kuma alhakin waɗanda suka ci moriyarsa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da gwamnatoci sun iya shirya bikin karramawa, sun iya aika saƙon ta'aziyya, amma tsohon ɗan wasa da ya daina amsa gayyata sai a ce girman kai ne ko baƙin hali, a cire sunansa daga jeri. Janyewa daga mutane na cikin alamun farko da likitoci ke dubawa a ciwon damuwa. Mutumin da hotonsa ke manne a shagunan aski daga Legas zuwa Yawuri ya shekara da shekaru yana zagaya fili shi kaɗai a tsakiyar ɗaya daga manyan biranen ƙasar, kowa na ganinsa, kowa ya san ko shi wane ne. Wanda ya ce ba ya son taimako yana da haƙƙin a ƙyale shi, gaskiya ne, kuma sabuwar dokar ta 2023 ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci na a nemi yardarsa. Amma tsakanin ƙyale mutum gaba ɗaya da ɗaukarsa da ƙarfi akwai fili mai faɗi, na ziyara da zama da haƙuri da kawo likita a matsayin baƙo, kuma a wannan fili ne aka rasa mutane.

Tuna Yekini yadda ya kamata ba ya buƙatar a tono abin da ya faru a ɗakinsa, ko a sa wa ciwonsa sunan da likita bai sa ba. Abin da yake buƙata shi ne a riƙa ba da labarin har ƙarshensa: cewa mutumin da ya riƙe raga a Dallas ya yi shekaru goma sha takwas bayan wannan dare, cewa na ƙarshensu sun yi masa nauyi, cewa ƙasar da ta yi masa sowa ba ta san yadda za ta zauna kusa da shi ba sa'ad da ya yi shiru. Kocin da ke tara yara a filin makaranta a Badariya, in ya nuna musu hoton, yana iya ƙara wannan, domin a cikin yaran akwai wanda zai yi fice, akwai wanda gwiwa za ta mayar gida yana ɗan shekara 24 ba sana'a ba takarda, akwai kuma wanda yayansa ke kulle a ɗakin baya tun bara, an hana shi faɗa wa kowa.